Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Aikin Gina Shafin Intanet Ba Tare Da Sun Danne Ka Ba

Duk wanda ya zauna a yau da niyyar koyon gina shafin intanet, tun kafin ya rubuta layi ɗaya na aikinsa, za a ce masa ya sauke Node.js, ya koyi npm, ya zaɓi ɗaya tsakanin React da Vue da Angular da Svelte, ya ƙara da TypeScript, sannan ya saita Vite. Idan ya bi umarnin, zai ga kwamfutarsa ta zazzago dubban fayiloli cikin wata folda mai suna node_modules, alhali abin da ya bayyana a allo bai wuce gajeriyar gaisuwa ba. A nan ne mutane da yawa suke karaya, suna zaton ƙwaƙwalwarsu ce ta gaza, bayan kuwa kayan da aka ɗora musu ne suka fi ƙarfin wanda bai ma san inda zai nufa ba. Wannan jagora na mai irin wannan hali ne, da kuma wanda ya daɗe a sana'ar amma ya lura cewa kula da kayan aiki ya fara cin lokacinsa fiye da aikin kansa. Ƙa'idar da zan bi ɗaya ce: kada ka ɗauki wani kayan aiki sai ka riga ka ɗanɗani matsalar da aka ƙirƙire shi domin ta.

Kafin ka iya aiki da wannan ƙa'ida, dole ka san daga ina kayan suka fito, domin babu ko ɗaya daga cikinsu da aka yi don wasa. Lokacin da Tim Berners-Lee ya buɗe shafin farko a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Jeniba a shekarar 1991, HTML kaɗai ake da shi, kuma aikinsa bai wuce tsara rubutu da haɗa wannan takarda da waccan ba. A 1995 Brendan Eich ya rubuta JavaScript a kamfanin Netscape cikin kwana goma, don shafi ya iya ɗan motsi, sannan a ƙarshen 1996 aka amince da CSS domin a raba kwalliyar shafi da abin da shafin ya ƙunsa. Matsala ta farko da ta taso ita ce burauzoji, wato manhajojin da ake buɗe shafukan intanet da su, ba su fahimtar waɗannan harsuna iri ɗaya, ta yadda abin da ya yi aiki a Firefox zai iya lalacewa a Internet Explorer. Wannan ciwon kai ne jQuery ya zo ya magance a 2006. Bayan Gmail da Google Maps sun nuna cewa shafi zai iya aiki kamar cikakkiyar manhaja, sai rubutun JavaScript ya kumbura har ya zama da wuya mutum ya riƙe shi a ka, daga nan aka samu tsare-tsaren da ke taimakawa wajen shirya shi, wato AngularJS a 2010, React a 2013, da Vue a 2014. Zuwan iPhone a 2007 ya tilasta shafi ɗaya ya dace da allo ƙarami da babba. Node.js, wanda Ryan Dahl ya fitar a 2009, ya fitar da JavaScript daga cikin burauza, npm kuma, wato rumbun da ake sauko da shirye-shiryen JavaScript da wasu suka rubuta, ya sauƙaƙa aron aikin wasu. Da yake a wancan lokaci burauzoji ba su iya ɗaukar kod, wato rubutun umarnin da ake ba kwamfuta, da aka rarraba gida-gida ba, sai aka buƙaci webpack ya tattara fayiloli wuri ɗaya, Babel kuma ya mayar da sabon salon JavaScript zuwa tsohon salo don tsofaffin burauzoji su gane.

Abin lura a cikin wannan tarihi shi ne da yawa daga cikin cututtukan sun warke, amma an ci gaba da rubuta magungunansu ga kowane sabon shiga. Microsoft ta daina tallafa wa Internet Explorer 11 a watan Yunin 2022. Manyan burauzoji sun daɗe da iya ɗaukar kod mai sassa-sassa kai tsaye. CSS Grid ya shigo Chrome da Firefox da Safari a 2017, kuma abubuwan da a da sai da Sass, wani harshe da ke faɗaɗa CSS, ake iya yinsu, kamar ajiye launi da suna ko saka doka a cikin wata doka, yanzu CSS yana yinsu da kansa. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kowane kayan aiki ita ce ko matsalar da ya zo dominta tana nan har yanzu, kuma ko ta shafi aikin da ke gabanka.

Fara da takarda da alƙalami

Kafin ka buɗe kwamfuta, rubuta abin da shafin zai yi cikin jumloli kaɗan, da harshen da wanda ba ya sana'ar zai fahimta. Ka amsa waɗannan: mutane za su zo su karanta ne kawai, ko za su shiga da sunansu su ajiye wani abu? Sau nawa abin da ke shafin zai canza, kuma wa zai riƙa canza shi? Da wace irin na'ura yawancin masu ziyara za su zo? Wa zai kula da shafin bayan shekara biyu? Amsoshin nan su ne za su zaɓa maka kayan aiki, kuma sau da yawa za su nuna maka cewa abin da kake buƙata bai kai rabin abin da ka yi zato ba.

Idan shafin na karatu ne, kamar bayanin wata ƙungiya ko tarin maƙalu, HTML da CSS sun isa, ko kuma ɗaya daga cikin manhajojin da ke haɗa shafuka tun kafin a ɗora su, irin su Hugo da Eleventy da Astro. Idan wanda bai iya kod ba ne zai riƙa saka rubutu kullum, WordPress, wanda yake nan tun 2003, ya riga ya warware wannan buƙata. Idan akwai rajista da rumbun bayanai, tsarin da ke aiki daga saba (kwamfutar da ke ajiye shafin tana miƙa shi ga masu ziyara), kamar Django ko Laravel ko Ruby on Rails, yana zuwa da yawancin abin da ake nema a haɗe. React da ire-irensa sun fi dacewa da inda allo ke canzawa a kowane lokaci kuma sassa da yawa suka dogara da bayani ɗaya, misali manhajar zane, ko ta hira, ko allon da ke nuna alƙaluma suna sauyawa nan take. A ganina, babban kuskuren da ya yawaita a wannan sana'a shi ne ɗaukar kayan da aka ƙera wa kamfani mai dubban ma'aikata a yi aikin mutum ɗaya da su. Facebook ta ƙirƙiri React ne don matsalar Facebook, kuma ba kowa ne yake da irin wannan matsalar ba.

Ka riƙe harsuna ukun nan da kyau

Duk wani tsari da za ka ɗauka, a ƙarshe HTML da CSS da JavaScript yake miƙa wa burauza, don haka wanda bai san su ba zai riƙa aiki ne a cikin duhu. Hanyar koyonsu ita ce ka gina ƙaramin shafi na gaske da hannunka, ba tare da ka sauke komai ba sai manhajar rubuta kod, kamar Visual Studio Code. Ka buɗe folda, ka yi fayil mai suna index.html, ka rubuta kanun labari da sakin layi da hoto da fom, sannan ka buɗe shi a burauza. Ka kula ƙwarai da amfani da kowace alama a muhallinta: maɓalli ya zama button, mahaɗi ya zama a, kanun rubutu su bi tsari daga h1 zuwa ƙasa, kowane gurbin fom ya samu label ɗinsa, kowane hoto mai ma'ana ya samu bayaninsa a alt. Wannan ba don kwalliya ba ne. Makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo da waɗannan alamomin yake gane shafi, kuma wanda ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta da su yake zagayawa ta hanyar maɓallan rubutu. Maɓallin da aka yi da alamar da ta dace yana zuwa da duk wannan kyauta, wanda kuwa aka ƙirƙira da div, alamar da ba ta da wata ma'ana ta kanta, sai an bi shi da ƙarin kod mai yawa kafin ya kai wannan matsayi, kuma galibi ba a yi.

A CSS, ka dage a kan Flexbox da Grid, hanyoyi biyu na jera sassan shafi a allo, da yadda ake sauya tsari gwargwadon faɗin allo. A JavaScript, ka koyi yadda ake nemo wani sashe na shafi da querySelector, yadda ake sauraron dannawa, da yadda ake karɓo bayani daga saba da fetch. Idan ka rasa wani abu, ka fara duba MDN, wanda Mozilla ta kafa, domin bayaninsa ya fi inganci fiye da yawancin darussan bidiyo da suka tsufa ba tare da an cire su ba. Shafin Can I use kuma zai gaya maka burauzojin da suka iya wani sabon abu. Za ka san lokacin wucewa gaba ya yi idan ka tsinci kanka kana kwafe sashe ɗaya zuwa shafuka goma sha biyu, ko kana fama da sabunta wurare biyar a allo duk lokacin da lamba ɗaya ta canza. A ranar da ka ji wannan wahalar, bayanin React ko Vue zai shige ka cikin sauƙi, domin ka riga ka san tambayar da suke amsawa.

Akwai kayan aiki biyu da ban sa su cikin wannan jira ba. Na farko shi ne Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aikinka, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, kuma ya kamata ka fara amfani da shi tun ranar farko ko da kai kaɗai kake aiki, saboda shi ne zai ba ka damar komawa baya idan gwaji ya lalata abin da ke tafiya daidai. Umarni biyar ko shida sun ishe ka na tsawon watanni. Na biyu shi ne kayan binciken da ke cikin burauza kanta, waɗanda ke buɗewa idan ka danna F12. A can za ka ga kurakuran kod, da nauyin kowane fayil, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya iso.

Aron aikin wasu

A nan ne zan fi daɗewa, domin a nan ne rikicin yake ɓuya. Duk lokacin da ka buga npm install, ba ƙunshi ɗaya, wato guntun kod da wani ya shirya don a ara, kake shigo da shi ba, kana shigo da shi ne tare da duk abin da ya dogara da shi, da abin da waɗannan suka dogara da shi, har zuwa ƙasa. Kowane ɗaya daga cikinsu wani mutum ne ya rubuta shi, wanda zai iya gajiya, ko ya daina kula da shi, ko ya miƙa shi ga wanda ba a sani ba. A watan Maris na 2016 wani marubuci ya janye ƙunshe-ƙunshensa daga npm bayan saɓani a kan sunan ɗaya daga cikinsu. A ciki akwai left-pad, mai layi goma sha ɗaya kacal, wanda aikinsa shi ne ƙara sarari a gaban rubutu. Ɓacewarsa ta tsayar da ayyuka masu ɗimbin yawa a duniya, har da waɗanda ke amfani da Babel, sai da npm ta dawo da shi. A 2018 kuma mai kula da wani ƙunshi da ake kira event-stream ya miƙa shi ga wani baƙo da ya nuna sha'awar taimakawa, shi kuma ya cusa kod da aka nufa da satar kuɗin intanet daga wata manhajar ajiya. Yawancin waɗanda abubuwan nan biyu suka shafa ba su ma san suna amfani da ƙunshin ba.

Don haka kafin ka ari wani abu, ka tsaya ka duba ko burauza ta riga ta iya yinsa. Tsara kwanan wata da lambobi bisa harshe yana cikin Intl, wani sashe na JavaScript da burauza ke zuwa da shi, taga mai fitowa a kan shafi tana da alamar dialog, tantance fom kuma HTML yana yin kaso mai yawa nasa. Idan babu, ka tambayi kanka ko za ka iya rubuta shi da kanka cikin layi ashirin ko talatin ka kuma fahimci abin da ka rubuta. Idan ya fi haka, ka shiga ma'ajiyar ƙunshin ka ga yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, mutum nawa ke kula da shi, ko ana amsa ƙorafe-ƙorafe, ƙunshi nawa yake jawowa a bayansa, da kuma irin lasisin da yake ɗauke da shi. Amma akwai wuraren da rubutawa da kanka kuskure ne babba: ɓoye kalmar sirri, sarrafa biyan kuɗi, da duk abin da ya shafi tsaron bayanan mutane. A waɗannan ka ɗauki abin da aka daɗe ana gwadawa kuma idanu da yawa suka duba.

Bayan ka ara, ka fahimci lambobin sigar. Idan ka ga 2.4.1, bisa al'ada lambar ƙarshe gyaran kuskure take nufi, ta tsakiya ƙarin abu ne da bai kamata ya lalata tsohon aiki ba, ta farko kuwa canji ne da zai iya karya kod ɗinka. Alamar ^ da npm ke sawa a gaban lambar tana ba shi izinin ɗauko sababbin sigogi matuƙar lambar farko ba ta canza ba, kuma wannan ne ya sa aikin da ya tashi lafiya a kwamfutarka zai iya ƙin tashi a ta abokin aikinka bayan wata uku. Maganin shi ne fayil ɗin package-lock.json, wanda ke rubuta ainihin sigar kowane ƙunshi. Ka ajiye shi a cikin Git, kada ka goge shi don kawai wani abu ya ƙi aiki, kuma a kan saba ka yi amfani da npm ci, wanda ke bin fayil ɗin sau da ƙafa. Ka ware rana ɗaya a wata ka buga npm outdated da npm audit, ka sabunta abubuwa ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa. Sabuntawa kaɗan-kaɗan aikin awa guda ne, amma wanda ya bari shekara biyu ta wuce zai iya shafe makonni yana kwance ƙulli.

Game da matakin sarrafa kod kafin a ɗora shi, ka jinkirta shi har sai buƙata ta kama. Idan ta kama, ka ɗauki abu ɗaya mai sauƙin saiti kamar Vite, wanda Evan You ya fitar a 2020, ka bar saitinsa yadda ya zo sai inda dole ta sa. TypeScript, wani harshe da aka gina a kan JavaScript wanda Microsoft ta fitar a 2012, yana da amfani na gaske idan aikin ya girma ko hannaye suka yawaita a kansa, domin yana kama kurakurai tun kafin kod ya tashi. A shafi mai layi ɗari biyu na JavaScript kuwa, ɗawainiyarsa ta fi ribarsa.

Ka gwada a inda masu ziyara suke

Mai gina shafi yakan yi aiki da kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai sauri, shi ya sa ba ya jin nauyin abin da ya gina. Wanda ke ɗauke da wannan nauyi shi ne mai tsohuwar waya a wurin da sabis ke rawa, kuma JavaScript ya fi hoto tsada a wajensa, domin bayan ya sauko sai wayar ta karanta shi ta kuma aiwatar da shi kafin maɓalli ya fara amsa dannawa. Ka nemi waya mai ƙaramin ƙarfi ka riƙa buɗe shafinka a kanta. A cikin kayan binciken Chrome akwai wurin rage saurin intanet da na na'ura da gangan, akwai kuma Lighthouse da zai nuna maka fayilolin da suka fi jawo jinkiri. Ka rage girman hotuna kafin ka ɗora su, ka ajiye linzami ka gwada zagaya shafin da maɓallin Tab kaɗai, sannan ka tabbata shafin yana kan HTTPS, wato hanyar da ke ɓoye bayanan da ke wucewa tsakanin shafi da mai ziyara, wanda Let's Encrypt ke ba da takardar shaidarsa kyauta, musamman ganin cewa tun 2018 Chrome yake yi wa shafin da ba shi da ita alamar rashin tsaro.

Sababbin kayan aiki ba za su daina fitowa ba, kuma ba a buƙatar ka bi kowanne. Google ta sake rubuta Angular daga tushe a 2016, ta kuma daina tallafa wa tsohon AngularJS a ƙarshen 2021, waɗanda suka gina manyan ayyuka a kansa sai da suka yi ƙaura mai wahala. Create React App, kayan fara sabon aikin React, wanda shekaru da dama shi ake fara nuna wa kowane ɗalibi, an sanar da ajiye shi a farkon 2025. Shafin da aka rubuta da HTML zalla a shekarun 1990 kuwa har yau yana buɗewa. Idan ka ji ana yabon wani sabon abu, ka karanta shafin gabatarwarsa don ka san matsalar da yake da'awar warwarewa, ka rubuta sunansa ka ajiye, ka dawo bayan shekara ka ga ko yana nan da ransa. Idan sha'awa ta matsa maka, ka gwada shi a ƙaramin aiki na gefe, ba a kan shafin da mutane suka dogara da shi ba. Haka ma manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu rubuta kod, irin su GitHub Copilot da ChatGPT: suna saurin aiki ƙwarai, amma sukan jawo ƙunshe-ƙunshen da ba a buƙata, wani lokaci ma su ambaci sunan ƙunshin da babu shi. Kada ka saka layin da ba za ka iya bayyana aikinsa ba, kuma kada ka sauke ƙunshin da suka ambata sai ka duba shi da idonka.

Abu na ƙarshe da za ka yi kafin ka ce aiki ya kammala shi ne rubuta fayil ɗin README a cikin foldar aikin. Ka faɗi sigar Node.js da aka yi amfani da ita, umarnin da ake bugawa don tayar da shafin, yadda ake ɗora shi a saba, sannan a gaban kowane babban kayan aiki ka rubuta jumla ɗaya da ke bayyana dalilin ɗaukarsa. Duk wanda ka kasa rubuta masa wannan jumla, ka gwada cire shi ka ga ko wani abu zai lalace. Daga nan ka kwafo aikin daga Git zuwa sabuwar folda, ka bi abin da ka rubuta layi bayan layi kamar ba ka taɓa ganin aikin ba, duk inda ka tsaya kana tunanin mataki na gaba, ka koma ka ƙara shi a cikin fayil ɗin.